Igiya a Hannun Ayu

Shekara huɗu na yi ina aikin ƙidayar ayu, kuma a tsawon lokacin nan sau biyu kacal na ga ayu da idona. Na farkon ma hanci ne kawai ya ɓullo a kan ruwa, ya ja numfashi ya koma. In na faɗa wa mutane haka sai su yi dariya, su ce to me nake ƙirgawa. Ba ni nake ƙirgawa ba. Masunta ne suke gani, ni kuma in rubuta.

A zangon Salaga aka haife ni, kuma a lokacin ina koyarwa a wata firamare. Wata mata ce 'yar kudu ta zo daga Tamale tana neman wanda zai tsaya tsakaninta da masuntan Makango, inda tafki ya miƙo hannu kusa da mu. Tana son mai jin Turanci da Hausa da ɗan Gonjanci, wanda kuma zai iya karanta ajami, don wasu masuntan da shi kaɗai suke rubutu. Mahaifina ya tilasta mini koyon ajami tun ina ƙarama ina kuka, sai ga shi ya samo mini aiki. Madam muke ce mata. Kafin ta dawo gida ta yi shekaru a can kudancin Afirka tana lura da wasu dabbobin teku masu gashi, waɗanda suke fitowa su kwanta a kan duwatsu kamar buhunan hatsi. Ta nuna mini hotunansu a wayarta. Ta ce su ana ɗaukar hotonsu daga sama a zauna a ofis a ƙirga, a kama 'ya'yan a auna nauyinsu, a san ko garken yana da lafiya. Ayu kuwa ba ya fitowa tudu, ruwanmu kuma ja ne, don haka ba mu da abin dogaro sai idon mutanen da suke wuni a kansa.

Aikina ba shi da wuya. Asabar ɗaya in huta, ta biyun in hau mota zuwa Makango, in sami masu lura su shida a bakin ruwa. Kowa ya faɗa mini abin da ya gani cikin mako biyu: inda aka cinye kan ciyawa, kashin ayu da yake yawo a kan ruwa kamar na jaki, hanci, ko baya, ko uwa da ɗa. In cike takarda, in ɗauki hotonta in tura. Doka ɗaya ce Madam ta maimaita mana har muka gaji da ji: in aka ga ayu da rauni ko alamar ciwo, kada a jira ranar rahoto, a kira ta nan take.

Cikin su shidan akwai wani tsoho da kowa yake kira Baba. Basarke ne, masunci na gado, mahaifinsa ya biyo ruwa daga Yawuri tun kafin a datse kogi ya zama tafki. Hausarsa cikakkiya ce irin ta kakata, ba irin tamu ta zango da muke haɗa mace da namiji a “ya” ba, kuma yakan gyara mini magana ba tare da ya ɗaga kai ba. Shi maharbin ayu ne a da. Zagonsa, wato mashin da ake sukar ayu da shi, yana nan soke a rufin ɗakinsa, bai taɓa ɓoye shi ba. Na taɓa tambayarsa ko tausayi ne ya sa ya daina. Ya ce a'a, kafaɗarsa ce ta tuba kafin shi. Saboda irin wannan maganar wasu ba su yarda ya daina ba, amma Madam ta ɗauke shi don babu wanda ya kai shi sani. Sauran sukan ce sun ga ayu. Shi kuwa sai ya ce wanne ne, mace ko namiji, daga wace ƙorama ya fito, kuma ya rame ko ya yi ƙiba tun ganin baya. Rabin abin da nake turawa daga bakinsa yake fitowa.

A shekarata ta biyu, lokacin da ruwa ya fara ja da baya, na je Makango wata Asabar hankalina ba ya wurin. An kira ni daga Bawku cewa ƙanwata da take aure can ta haihu, haihuwar fari, kuma mahaifiyarmu ba ta da ƙarfin tafiya, ni zan je. Na karɓi rahoto da sauri ina duba agogo. Baba ya jira har sauran suka watse, sannan ya matso ya miƙo mini wata takarda daban, ninke huɗu.

Ya ce akwai wata macen ayu mai tsaga a wutsiya da muka daɗe muna rubutawa. Kwana uku ke nan yana ganinta a bakin wata ƙorama ba ta gusawa. Igiyar raga ce, irin koriyar nan ta roba, ta naɗe mata hannun hagu ta nutse cikin nama, wurin ya kumbura ya yi fari, kuma in za ta juya sai ta karkace. Ya ce shi kaɗai ba zai iya riƙe ta ba, kuma in aka gan shi kusa da ita da wuƙa, an san abin da za a ce. Sai an zo da babban jirgi da raga mai ƙarfi da likitan dabbobi. Ya gwada kiran Madam da wayar da aka ba shi, amma ita ba ta jin Hausa, shi ba ya jin Turanci, suka yi ta gaisuwa har wayar ta yanke.

“Ki kira ta yau, Malama,” ya ce. “Ba gobe ba.”

Na ce masa in sha Allahu kafin in isa gida ta ji. Na sa takardar a aljihun ciki na jakata.

Na kira kuwa. A cikin mota babu sabis. Da na isa Salaga na sake kira, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na yi tunanin tura saƙo, sai na ga bayanin yana da tsawo, gara a yi shi da baki. Daga nan na shiga haɗa kayan barka, da doyar da mahaifiyarmu ta ce sai an kai wa surukai, da daddawa, da zannuwan goyo. Ranar Litinin na kama hanya. A Bimbilla na tuna, amma motar ta cika da hayaniya. A Yendi na tuna, na ce bari in isa in zauna. Muka bi ta Gushegu da Nakpanduri, na isa Bawku jikina duk ya mutu.

Na tarar da abin ya fi yadda aka faɗa mana. Tiyata aka yi wa ƙanwata, jaririn kuma ya yi shawara, an sa shi ƙarƙashin fitila. Na yi kwanaki ina kai da komo tsakanin asibiti da gida, ina wanki, ina dama kunu. Shekaru da yawa wannan nake faɗa wa kaina, cewa ina jinya ne. Amma jinyar ba ta cinye dukan wunin ba. Ranar Laraba Madam ta biyo kirana, na ga sunanta a waya hannuna da kumfa, na ce in na gama. Bayan an sallame su na shiga kasuwa sau biyu zaɓen atamfar suna. Na bi matan gidan har Kulungugu kallon kayan da ake shigowa da su daga Burkina. Na tsaya na yi ciniki mai tsawo a kan wasu kwanonin silba.

A can Kulungugu ne, ina riƙe da kwano, wayata ta yi ƙara, na ga lambar Baba. Na tsaya ina kallonta har ta katse. Na san abin da zai tambaya. Na ce bari in fara kiran Madam, sannan in kira shi da labari mai daɗi. Amma a lokacin kwana tara sun wuce, kuma in na kira ta sai na faɗi ranar da aka gaya mini. Kunyar kwana tara ta sa na ƙara kwana ɗaya, ta goma ta sa na ƙara wani. Har na fara ce wa kaina wataƙila igiyar ta warware da kanta, dabbobin ruwa suna da saurin warkewa. Mako ɗaya na ce zan yi a Bawku, na yi kusan uku.

A tashar Salaga na ji labari, tun ban sauke kaya ba, daga bakin wata mai sayar da banda. Ta ce ayu ya mutu a Makango, an raba nama gida gida, man kuma har ya isa hannun masu magani a kasuwar Yendi. Ta ce ai an san wanda ya yi, tsohon nan ne mai zago.

Kwana biyu bayan haka Madam ta iso da wani ma'aikacin gandun daji, shi ma ɗan kudu, sabon zuwa, ba ya jin ko gaisuwar Hausa. Suka ɗauke ni a ƙofar makaranta. A hanya ta tambaye ni ko akwai wanda ya ambaci rauni. Na ce babu shi a cikin rahoton da na aiko. Hakan gaskiya ne, don ban rubuta ba. Ta gyaɗa kai, ta tambayi lafiyar jariri.

Aka zauna a gindin wata bishiyar mangwaro kusa da inda ake ɗaure jirage. Ga sarkin masunta, ga masu lura, ga mutane tsaye a baya. Ni kaɗai ce a wurin mai jin harsunan biyu sosai. Baba ya zo da baƙar leda, ya zazzage igiyar a ƙasa, da sauran fata a jikinta. Ya yi bayani a natse. Ya ce da hantsi ya same ta a kife, ta mutu, ya jawo ta gaɓa don ya auna tsawonta kamar yadda aka koya musu. Kafin ya gama mutane sun taru da wuƙaƙe da kwanoni. Tun da ba zai iya hana su ba, kuma shi ya san gaɓoɓinta, sai ya feɗe musu. Bai ɓoye ba cewa ya ɗebi man kwalba ɗaya don kafaɗarsa. Duk wannan na fassara daidai, ina ganin ma'aikacin yana rubutu da sauri da aka zo kan maganar kwalba.

Sai Baba ya ce: “Tun tana da rai na faɗa wa Malama, na ba ta a rubuce, ta ce za ta kira.”

Na juya wajen Madam na ce yana cewa ya lura ba ta da lafiya tun kafin ta mutu.

Madam ta ce in tambaye shi, in haka ne me ya hana shi kawo rahoto. Na juya wajensa na ce ana tambaya yaushe ya fara ganin raunin. Baba ya dubi fuskar Madam, wadda ba fuskar mai tambayar rana ba ce, sannan ya dube ni. Ba harara ba ce. Irin kallon da yake yi wa ruwa ne in yana jiran wani abu ya ɓullo. Sannan ya faɗi ranar, bai ƙara ambaton takarda ba har aka tashi.

Ba a kama shi ba, don igiyar ta nuna akwai rauni, kuma babu wanda ya ga suka. Amma Madam ta ce ba za ta iya riƙe mai lura da ya ga ciwo ya yi shiru ba, sannan ya feɗe ya ɗebi mai. Ni na faɗa masa hakan da Hausa. Ya tashi ya shiga gida, ya dawo da wayar da rigar ruwa mai ruwan lemo da aka ba shi don aikin, ya ajiye su a kan benci kusa da ni. Ya yi wa kowa sallama ya tafi.

Na ci gaba da aikin shekara biyu. Ban ƙara riƙe jakar nan ba, na cusa ta a ƙasan akwati da takardar a ciki. In na je Makango nakan zagaya ta bayan masallaci don kada in bi ta ƙofarsa, har wata rana na ji an ce ya tashi, ya koma wajen 'yarsa a Yendi. Sauran masu luran ba su taɓa ce mini komai ba, amma sun ji abin da ya faɗa a gindin mangwaro, sun kuma ga yadda ta ƙare. Suka zama masu gajeriyar magana. In na tambaya sai su ce ba su ga komai ba, ko su ce ciyawa kawai. Wanda aka ɗauka a madadinsa mutumin kirki ne, amma ba ya bambance cin ayu da cin saniya a jikin ciyawa. Takarduna suka koma fanko. Madam takan kira ni cikin damuwa ta ce alamu suna nuna ayu sun ragu ƙwarai a ɓangarenmu, ko sun ƙaura. Ni kuwa na san wataƙila suna nan, mai ganinsu ne babu. Ina ji ina gani abin da na yi ya shiga cikin lissafin da mutane za su dogara da shi, kuma na yi shiru.

Da aikin ya zo ƙarshe, Madam ta turo mini babban rahoton da ta haɗa, ta ce in duba mata rubutun sunayen ƙauyuka. Ina dubawa a ofishin malamai lokacin tara, sai na ci karo da layi biyu. An rubuta cewa an rasa mace guda a Makango, kuma ana zargin ɗaya daga cikin masu lura, tsohon maharbi, da ɓoye rauninta don ya amfana da gawar. An ƙara da shawarar a yi hattara wajen ɗaukar tsofaffin maharba a irin wannan aiki. Na karanta sau uku. Na koma aji na kasa koyarwa, na sa yara su yi ta kwafar abin da ke kan allo.

Da yamma na buɗe akwati na ciro takardar, na kira Madam na faɗa mata komai, har da abin da na yi da fassara. Ta saurare ni har na gama. Ta ce in turo hoton takardar tare da fassararta kalma da kalma. Ta ce ko da na kira a ranar, haɗa jirgi da raga da likita yakan ɗauki kwanaki, ba lallai su same ta da rai ba, amma ta san ba wannan ne ya sa na kira ba. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma ce ba komai ba. Ta cire layukan. Ta rubuto wasiƙar ban haƙuri zuwa ga Baba, ta ce ni zan kai, ni zan karanta masa.

Na same shi a wata unguwa bayan kasuwar Yendi, a gidan haya. 'Yarsa tana sayar da koko da ƙosai a ƙofa. Yana zaune a kan tabarma a inuwar katanga, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara. Ina yin sallama ya gane muryata. Ya tambayi mahaifina, ya tambayi makaranta. Na durƙusa na karanta masa wasiƙar, ban tsallake ko kalma ba, sannan na faɗi nawa. Ina magana ina kuka, shi yana jan carbi.

Ya ce ai tun a gindin mangwaro ya sani. Na tambaye shi me ya sa bai nemi wani ya fassara ba, tun da ana iya samun mai jin Turanci a bakin jirgin fito. Ya ce ya yi tunanin hakan, amma ya ga ni mace ce mai aikin gwamnati, ubana da ransa, shi kuwa ko me ya faɗa an riga an san shi da zago. Ya ce aikin bai dame shi ba sosai.

“Abin da ya tsaya mini shi ne zaman,” ya ce. “Kullum ina zuwa bakin ƙoramar nan in zauna, ina kallon hanya, ina cewa yau za su iso. Da kin ɗauki waya kin ce ba za a zo ba, da na nemi mutum biyu mun gwada da hannunmu.”

Bayan haka ya ce ya yafe mini, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya sa aka kawo mini ruwa.

'Yarsa ce ta raka ni bakin titi, kuma ita ba ta yafe ba. Ta ce ni ban san abin da ya koro shi ba. A da shi yake jan salla a ƙaramin masallacin bakin ruwa in liman ba ya nan. Bayan abin, sai aka fara tura wani gaba, ba wanda ya ce masa komai. Mutanen da suka ci naman su ne suke cewa ya ci amana. Mutumin da ya yi shekara saba'in a kan ruwa, ga shi zaune yana jin ƙarar babura. Ta ce takardar Turanci ba ta da amfani a Yendi, in da gaske nake in je Makango in faɗa a gaban mutanen da aka tara a ranar. Na ce mata zan je.

Na je ɗin, bayan wata guda. Na sami sarkin masunta a zaurensa shi kaɗai, na gaya masa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi ma ya ji maganar takarda a ranar, ya ɗauka an daidaita ta da Turanci. Na ce ko zai tara mutane. Ya ce abin ya daɗe, tayar da shi zai jawo mini magana har makaranta, in bar masa zai faɗa wa waɗanda suka kamata. Da na fito daga zauren sai na ji sauƙi a ƙirjina, kuma na san daga ina sauƙin ya fito. Ban matsa ba. Ban taɓa bincika ko ya faɗa wa wani ba.

Baba ya rasu a damina ta gaba, a Yendi. Ban ji ba sai bayan an yi sadakar arba'in. Na je gaisuwa da sabulu da ɗan gero. 'Yarsa ta karɓa ta yi godiya yadda ake yi wa kowa, ba ta tambaye ni komai ba, ta koma wajen kaskonta don akwai masu jiran ƙosai.